Silik ko radiyal: wace taya ce za ta riƙe bayan Mustang ɗinka?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, bari in maimaita abin da ka kawo, saboda waɗanda ba su gani ba. Kana da Ford Mustang ƙirar 1990, injin V8 da aka ɗan taɓa har ya kai ƙarfin doki wajen 400, giyar hannu mai biyar, aksul mai 4.10 (farfela ta juya sau 4.10, taya ta juya sau ɗaya). Kana kai ta filin tseren miƙaƙƙiyar hanya da ke kusa da ku can Amurka a daren Juma'a, lokacin da ake buɗe wa kowa ya gwada motarsa, kuma da ƙafarta take zuwa ta koma. Takardar da suke ba ka tana nuna sakan 12.8 a kwatan mil, gudun mil 115 a awa, amma ƙafa 60 na farko sakan 2.1. Ka ce silik, wato tayar tsere marar zane, za ka saya ko radiyal ta tsere, kuma wai shin wadda ta fi faɗi ita ce ta fi kamu?

Takardar nan taka ta riga ta ba da rabin amsa. Motar da ta tsallaka layin ƙarshe da mil 115 a awa, injin da ke cikinta zai iya sauko da ita cikin sakan 11 da ɗoriya. Abin da ke cinye maka lokaci yana can farkon fili, a ƙafa 60 ɗin nan, wato mita 18 da 'yan kai. Masu harkar suna da lissafin da suke yi da ka: duk kashi ɗaya cikin goma na sakan da ka rage a nan, yakan zama ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙarshen kwatan mil. In ka sauko daga 2.1 zuwa 1.6, kusan sakan guda ya fita ke nan, ba ka kwance noti ko ɗaya a inji ba. To taya ce aikin. Sai dai wace?

Ni dai silik zan ce ka saya, kuma dalilina ba ƙarfin injinka ba ne. Abu biyu ne: irin giyarka, da irin filin da kake zuwa.

Bambancin tayoyin biyu daga ciki yake, wurin da ido ba ya gani. Silik ta gargajiya zarenta gicciye yake, shimfiɗa kan shimfiɗa, wannan ya karkata dama wancan ya karkata hagu, daga bakin rim na nan zuwa na can. Saboda haka gefenta da fuskarta jiki ɗaya ne, kuma gefen nan laushi gare shi ƙwarai. Fuskarta ba zane ko ɗaya, sanƙo ce tas. Radiyal kuwa zarenta miƙe yake, ya tsallaka daga baki zuwa baki kai tsaye, sannan aka ɗaura mata ɗamara a ƙarƙashin fuskar. Ɗamarar nan ke riƙe fuskar a shimfiɗe, ba ta barin ta ta kumbura ko ta murɗe. Silik ce babba a shekaru: Marvin Rifchin na kamfanin M&H a jihar Masachusets ya fara ƙera ta musamman don wannan tsere tun a shekarun 1950. Radiyal ta tsere sai a tsakiyar shekarun 1990 BFGoodrich ya fito da ita kasuwa, kuma a lokacin don motocin da ke hawa titi aka yi ta.

Ka tsaya gefen layin tashi wata rana ka zuba wa tayar baya ido, kada ka kalli fitilar da ke ba da izinin tashi. Mota mai silik, da direba ya saki kuloci, rim ne ke fara juyawa, fuskar taya tana nan manne da ƙasa. Sai ka ga gefen tayar ya yamutse, ya yi tattara daga rim zuwa ƙasa, tayar ta ɗan zauna, wurin da take taɓa ƙasa ya ƙara tsawo. Duk wannan a ƙiftawar ido. Tattarar nan ita ke shanye dukan farko, sannan ta sake shi a hankali. Ko da ta ɗan sulɓe, silik takan ci gaba da tura mota tana neman kamu, har ta samu. Hasali ma ɗan sulɓin nan tana son sa.

Radiyal ba ta da wannan haƙurin. Ba ta yamutsewa sosai, don haka dukan da ya fito daga inji kai tsaye yake isa ƙasa. In ƙasar ta riƙe, motar ta fita kamar an harba ta, kuma ba wani ƙarfi da ya salwanta wajen murɗa roba. In ƙasar ba ta riƙe ba, shi ke nan, sai hayaƙi. Da wuya radiyal da ta fara sulɓi ta dawo ta kama sai ka ɗaga ƙafa daga totur, kuma kafin ka sake takawa abokin karawarka ya yi nisa.

Yanzu ka haɗa wannan da kulocinka. Mota mai otomatik akwai mai a tsakanin inji da giya, shi ke tausasa tashi, kuma kowane tashi kusan iri ɗaya ne da na baya. Kai kuwa ƙafarka ta hagu ce ke yanke hukunci. Yau ka saki inji na juyi 4,000 a minti, anjima a 4,600, wani lokaci da sauri wani lokaci da jan ƙafa. Ga kuma canjin giya: ɗaya zuwa biyu, biyu zuwa uku, uku zuwa huɗu, kowanne sabon duka ne a kan taya. Silik tana yafe duk wannan. Akwai masu giyar hannu da ke gudu da radiyal kuma suna cin tsere, amma ka leƙa motocinsu za ka tarar da kuloci na musamman da ake saita yadda zai kama, ko na'urar da ke jinkirta sakinsa, da shokazoba masu tsada da ake murɗawa. Kuɗin waɗannan ya ninka na taya.

Sai maganar fili, wadda na fi so ka riƙe. Filin tsere ba kwalta ce kawai ba. Farkonsa galibi kankare ne, ana kankare tsohuwar roba, a ja sabuwa da tarakta, sannan a fesa wani ruwan gam. A manyan gasannin radiyal, irin Lights Out da Donald Long ke shiryawa a filin South Georgia Motorsports Park, gam ɗin yakan yi yawa har in ka taka layin tashi sai takalminka ya nemi zama a wurin, ka ji yana ɓanɓarowa da ƙara. A irin wannan ƙasa radiyal sarauniya ce. Motoci masu ƙarfin doki dubbai suna cinye kashi ɗaya cikin takwas na mil, wato ƙafa 660, cikin sakan 3 da ɗoriya a kanta. Shi ya sa bidiyon da kake gani ke sa mutum ya ɗauka radiyal ta gama da silik. To amma daren Juma'ar da kake zuwa fa? A yawancin filaye fesawa ɗaya ake yi da yamma. Daga nan motocin gida masu tayar titi su bi ta cikin ruwan da ake jiƙa taya kafin a ƙona ta, wato a juya ta a tsaye don ta yi zafi, su jawo shi har layin tashi, zanen tayarsu ya ɗebo tsakuwa, su kuma kankare robar da aka shimfiɗa. Dare ya yi, raɓa ta sauka. Wannan ƙasar silik ce. Masu tseren da ake yi a filin da ba a fesa masa komai ba ma, mafi yawansu zaren gicciye suke ɗaurawa, kuma ba don ba su san radiyal ba.

Kada in yi wa radiyal rashin adalci, tana da wuraren da ta fi. A ƙarshen fili ta fi natsuwa nesa ba kusa ba. Silik mai iska kaɗan, in gudu ya haura mil 100, za ka ji bayan motar yana rangaji, yana ɗan lilo hagu da dama. Wanda bai saba ba sai ya kama kokawa da sitiyari, kuma kokawar ce ke kawo hatsari. Radiyal ba ta wannan. Ba ta kuma jan mota baya kamar silik, don haka a fili mai kyau takan ba da ɗan ƙarin gudu a layin ƙarshe. Sannan wadda ke ɗauke da tambarin DOT, na ma'aikatar sufurin Amurka, doka ta yarda ka hau titi da ita. Kamfanin Dodge da kansa ya tabbatar da haka: Challenger SRT Demon ta 2018 da radiyal ta tsere ta fito daga masana'anta, Nitto NT05R mai lamba 315/40R18, ta yi sakan 9.65 a kwatan mil. Demon 170 ta 2023 kuma da Mickey Thompson ET Street R, ta yi 8.91. Amma ka lura, duka biyun otomatik ne, ga kwamfuta tana auna ƙarfin da za a sakar wa taya, kuma a fili mai gam aka ɗauki lambobin.

Tambarin DOT ɗin ma kada ya ruɗe ka. Su ma radiyal ɗin hawa-hawa ne. Irin su Nitto NT555RII da Mickey Thompson ET Street S/S suna da zanen da zai ɗan kori ruwa, ana iya yawo da su. ET Street R da Hoosier DR2 kuwa zanen nasu na fita kunyar doka ne kawai. Ruwan sama ya same ka a babbar hanya da su, sai addu'a. Akwai kuma 'yan tsakiya, masu zaren gicciye amma da tambarin DOT, kamar Hoosier Quick Time Pro. A layin tashi halinsu na silik ne. In filinku yana da ajin da ya ce sai taya mai tambari, ita za ka nema. Amma ban ba ka shawarar ka yi tafiyar awa guda a kanta ba.

Tunda da ƙafarta motar ke zuwa, abin da ya fi sauƙi shi ne ka sayi rim biyu na daban masu inci 15, ka ɗaura musu silik, ka jefa su a but tare da jak mai kyau. Ka isa fili ka canza, ka tashi tafiya ka mayar da na titi. Aikin minti kaɗan ne, kuma robar mai laushi ba za ta ƙare a hanyar zuwa sayen burodi ba.

Akwai wani kuɗi da masu yabon silik ba su cika faɗa ba, gara in faɗa maka tun yanzu. Masu ƙera tayoyin suna gargaɗin kada a haɗa zaren gicciye a baya da radiyal a gaba. Gaban yana amsa sitiyari nan take, bayan yana biyowa a makare, sai rangajin nan da na ambata ya ƙaru. Mutane da yawa suna haɗawa kuma suna dawowa lafiya, amma a mil 115 ba wasa ba ne. In aljihu zai ɗauka, ka haɗa da siraran tayoyin gaba masu zaren gicciye. Suna kuma rage nauyi da jan baya. In ba zai ɗauka yanzu ba, to kada ka rage iskar baya da yawa, kuma duk lokacin da ka ji motar ta fara yawo ka ɗaga ƙafa a hankali, ban da fizgar sitiyari, ban da danna birki da ƙarfi.

Batun faɗi. A'a, wadda ta fi faɗi ba lallai ta fi kamu ba. Ka duba ajin tseren radiyal na X275: taya mai lamba 275/60R15 kawai aka yarda da ita, faɗinta bai kai inci 11 ba, amma motocin suna yin sakan 4 da ɗoriya a ƙafa 660. Ƙarfin doki 400 bai fi ƙarfin silik mai faɗin inci 8.5 zuwa 10 ba. Wadda ta wuce haka nauyi ne kawai za ka riƙa juyawa, ga gogar jikin mota, ga kuma yiwuwar ta kama fiye da kima har injin ya shaƙe a tashi. Abin da ya fi faɗi muhimmanci shi ne tsayin taya da tsayin gefenta. Shi ya sa na ce rim mai inci 15: gefen ya samu wurin aiki. Taya mai faɗin gaske a kan rim 18 da ɗan siririn gefe, kyan gani kawai gare ta.

Tsayi kuma yana taɓa giyarka, don haka sai an yi lissafi. Ka ninka gudu da lambar aksul, ka ninka da 336, ka raba da tsayin taya a inci, zai ba ka juyin inji a giya ta huɗu, wadda a motarka ɗaya-da-ɗaya ce. Da taya mai inci 26, mil 115 da 4.10 suna ba da juyi wajen 6,100. Da mai inci 28, wajen 5,650. Wato inci biyun nan sun mayar da 4.10 ɗinka tamkar 3.80. Doguwar taya ta fi shimfiɗa roba a ƙasa, amma tana rage wa tashi zafi. Ka duba inda injinka ke daina ja. In har 6,200 yana da rai, 26x10, wato tsayi inci 26 faɗi inci 10, ta yi maka daidai, kuma ita ce ta fi shiga ramin tayar wannan ƙirar ba tare da an ɗauko guduma ba. In tun 5,800 numfashinsa ke ƙarewa, ka duba 28. Ka kuma tuna silik tana ƙara tsayi in gudu ya yi yawa, don haka juyin zai ɗan gaza abin da lissafi ya nuna, kuma dole ka bar mata sarari kada ta ci jikin mota. Radiyal ba ta girma. In da ita za ka saya, 275/50R15 ce mai kusan inci 26, 275/60R15 kuma 28.

Iska. Kada ka kalli manyan motocin Top Fuel da ke tashi da iska psi 7 (psi shi ne awon iskar taya) ko kusa da haka ka ce za ka kwaikwaya. Tayarsu inci 36 ce, duniyarsu daban. Silik irin taka ka fara da wajen psi 14, ka riƙa sauka rabi-rabi kana duba lambar ƙafa 60. Inda ta daina gyaruwa, ka tsaya, ka ma koma sama da rabi. Radiyal ta fi son iska, galibi tsakanin 16 da 20. In ka rage mata da yawa tsakiyar fuskarta yakan lotsa ciki, gefe biyu kawai su taɓa ƙasa. Ka sayi ma'aunin iska na ƙananan lambobi, wanda ke ƙarewa a 15 ko 30, domin na gidan mai ba zai nuna maka bambancin rabin psi ba. Kuma ka auna duk bayan zagaye, rana da zafin ƙona taya suna ɗaga ta.

Kafin ka biya kuɗin silik, a hura su iska ɗaya, ka zagaya kowacce da tef ɗin awo. Zaren gicciye ba ya fitowa daidai wa daida daga masana'anta. In kewayen ɗaya ya fi ɗaya da sama da rabin inci, motar za ta riƙa ja gefe guda, ka ce a canza maka. Bayan an ɗaura, ka ja layi da farin alli daga roba zuwa rim. Ka yi zagaye biyu ka duba: in layin ya rabu, tayar tana juyawa a kan rim. Ba tub, ɗan motsi kaɗan ba komai. Da tub a ciki kuwa, motsin nan zai tsinke bawul, iska ta fita gaba ɗaya a tsakiyar gudu, don haka mai sa tub sai ya ɗaure bakin tayar da sukurori ko ya sayi rim mai maƙalewa. Silik marar tub takan yi yoyon iska ta gefe a hankali, ka tarar da ita a kwance bayan 'yan kwanaki. Halinta ne, ba fashewa ba ce.

Ƙona taya kuwa, yawancin sababbi suna wuce gona da iri saboda 'yan kallo. Sabuwar silik tana son ƙona mai ɗan tsawo a karon farko. Bayan haka, ka jiƙa ta, ka matsa gaba ka fita daga ruwan, ka juya ta a giya ta biyu har hayaƙi ya fara tashi sosai, ka saki. Ƙari a kan haka roba ce kake zubarwa, wani lokaci ma ta yi maiƙo ta rage kamu.

Abu na ƙarshe da ke zuwa tare da kamu shi ne karyewa. Yanzu tayar titi ce ke kare maka ƙarfe, domin duk ƙarfin da ya yi yawa a hayaƙi yake tafiya. Ranar da ta kama, ƙarfin zai nemi wuri mafi rauni. A motarka wuraren sanannu ne: giyabos ɗin T5, wanda ba a yi shi don irin wannan duka ba, da sandunan aksul na asali masu haƙora 28 a cikin aksul ɗin bayanka da ake kira 8.8, da wurin da hannayen aksul ke kama jikin mota, wanda yakan tsage. Masu wannan ƙira sukan koma sanduna masu haƙora 31, su yi wa wurin kamun walda. Nan ma silik ta fi tausayi, tunda gefenta na rage kaifin dukan. Radiyal da ta kama ƙam a ƙarƙashin kuloci ita ce ta fi saurin aika mutum gida a kan motar ja. Dokokin NHRA, ƙungiyar da ke kula da irin wannan tsere a Amurka, ma za su fara hawa kanka: da ka ɗaura silik, motar da ke yin 13.99 ko ƙasa da haka sai da zoben ƙarfe mai tare farfela in ta tsinke; daga 11.99 sai bawul na ƙarfe a tayoyin da ba tub, daga 11.49 sai ƙarfen kariya a bayan kujera. Ka tambayi masu duba motoci na filinku kafin ranar, kada a mayar da kai daga bakin ƙofa.

Akwai ranar da zan ce maka ka koma radiyal: in ka cire T5 ka sa otomatik, ka sayi shokazoba masu saiti, kuma ka fara zuwa gasar da ake fesa gam tsakanin zagaye da zagaye. Ko kuma in ka ga canza taya a fili ba zai yiwu maka ba sam, dole taya iri ɗaya ta kai ka ta dawo da kai. A nan ka ɗauki ET Street S/S ko NT555RII a 275/50R15, ka sauke juyin tashi, ka koyi jan kuloci a hankali maimakon sakinsa gaba ɗaya. Za ta fi tayar da kake da ita yanzu sosai, sai dai a daren da filin ya yi sanyi za ka ga masu silik suna wuce ka tun a ƙafa 60.